Iya, Wadda Ta Yi Kiwo a Cikin Gilashi

Ranar Talata, 13 ga Maris, 2001, mako guda bayan Babbar Sallah, da hantsi, ina tsugune a bayan kicin ina juya duwatsu a cikin tasa, na ji tsayuwar babur ɗin maigidana a lokacin da bai saba dawowa daga ofis ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, ya ce, "Radiyya, Iya ta cika." Ƙaninsa Lado ne ya zo daga Buji ya same shi da labarin. Na Allah muke, kuma komai daɗewa wurinSa za mu tattara. Ta rasu a ɗakin 'yarta Hassana bayan jinyar wata biyu, aka yi mata sutura bayan azahar.

Mutanen Buji sun san ta da Kubura 'yar Barau. Yau ne na fara rubuta sunan nan, bakina kuwa bai taɓa furta shi ba, domin mahaifiyar mijina ce.

Iya, shekara biyu muka yi a gida ɗaya a unguwar Yalwawa da ke Dutse, amma in aka cire gaisuwa ba mu taɓa yin hira fuska da fuska ba. Ke Bafulatana ce da aka rena da kunya, mijina kuma ɗanki ne na fari, wanda ko sunansa ba kya kamawa, sai dai ki ce "mai ofis". Matarsa ma kunyar ta shafe ta. Nakan durƙusa a bakin ɗakinki da safe, ki amsa kina kallon bango. Ni kuwa 'yar malamai ce daga Garki, gidanmu ba a rabuwa da magana, in ba karatu ba to musu. Shiru a wurinmu fushi ne. Shi ya sa har ranar da aka rufe ki ban sani ba ko kina ƙaunata, ko haƙuri kawai kike yi da matar da ɗanki ya ɗauko. Da wannan tambayar na tafi Buji zaman makoki, da ita kuma na dawo.

Abin da ya haɗa mu akwatin kifi ne, kuma nawa ne, ko in ce mafarkina ne. A wani littafin soyayya da na karɓo haya na karanta wani falo mai akwatin gilashi cike da ruwa, kifaye masu launin zinare suna shawagi, amarya na zaune tana kallonsu tana jiran angonta. Na yi ta ba maigidana labarin falon nan har ya gaji. Ran nan ya je Kano aiki ya dawo da akwatin nannaɗe a bargo, da kifi huɗu a leda. Uku jajaye ne masu jela kamar mayafi, na raɗa musu sunayen da nake so a littattafai: Zuhair, Haisam da Khaulat. Na huɗun baƙi ne mai dabbare-dabbare, mai faffaɗan kai, bakinsa a ƙasa, yana manne wa gilashi kamar ƙahon wanzami. Mai sayarwa ya ce wannan ba a ba shi abinci, gansakukar da ke fitowa a jikin gilashi ita yake ci, shi ne mai sharar akwatin. Ban ba shi suna ba. A littafin babu shi.

Da aka ce za ki zo Dutse a yi miki aikin ido ki zauna da mu, gwaggona ta zaunar da ni ta ce uwar miji ba kwalliyata za ta duba ba, gindin randa za ta leƙa da bayan tukunya. Na ɗauki maganar da ƙarfi. Kore-koren da ke fitowa a gilashin nan ya zame mini abin kunya. Duk bayan kwana biyu sai in kwashe kifayen a bokiti, in zubar da ruwan kaf, in goge gilashin da soso ciki da waje, in wanke tsakuwar har sai ta yi ƙara a hannuna. In na gama in koma gefe ina kallon yadda yake walƙiya, ina fatan ki wuce ki gani.

Kin gani. Da idonki ya warke, wata rana bayan la'asar ina kicin na ji kin shigo falo, wurin da ba kya zama. Kika shimfiɗa tabarmarki a gaban akwatin. Baƙin kifin yana manne da gilashin gaba, cikinsa a fili. Kin daɗe kina kallonsa, sannan na ji kin ce:

"Ke kuma wa ya ƙone miki makiyaya? Dubi kwiɓinki ya faɗa. Dubi ido ya zurma. Ana share miki ciyawa tun ba ta tsiro ba, da me ake so ki rayu, da ruwa?"

Sannan kika ɗan ɗaga murya daidai yadda za ta kai kicin. "Mai ɗakin nan tana da tsafta, Allah Ya sani. Amma wanda ya tsare dabba, cinta da shanta na wuyansa, kuma za a tambaye shi."

Ni da na tashi ina jin mahaifina yana karantar da haƙƙin dabbobi a zaure, ni ce na yi wata biyu ina kashe rai da yunwa don a yaba mini. Na tsaya da muciya a hannu ina hawaye. Washegari da na ga kin sake shimfiɗa tabarmar, na tattaro ƙarfin halina na zo na tsaya a ɗaya gefen akwatin, ina kallon kifin, na ce masa, "Don Allah ka tambayar mini yadda zan yi." Ban ɗago ba, amma na ji kin yi ɗan murmushi mai sauti. Daga ranar muka sami hanya. Ke ki gaya wa kifin, ni in ji. Ni in gaya wa kifin, ke ki ji. Kika sa mata suna Nagge, wato saniya da Fulatanci, kika ce duk abin da ke sunkuyar da kai ya ci kore ai saniya ce, ko a tudu ko a ruwa.

Kin zo daga Buji da tasoshi uku na aurenki, masu zanen fure ja da ya fara gogewa, a cikinsu kike ajiye zannuwanki. Ranar nan kika kwashe zannuwan kika zuba a buhu. Kika fita da sassafe zuwa gindin duwatsun da ke bayan unguwa, kika dawo da duwatsu masu santsi ƙunshe a gefen zane. Maƙwabciyarmu Bilki ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Iya, miyar dutse za a yi mana yau?" Kika ce, "Ke dai tuƙa tuwonki ki kawo, in haƙoranki za su iya." Kika jera duwatsun a tasoshin, kika cika su da ruwa, kika ajiye a rana a bayan kicin. Sannan kika kankaro ɗan kore daga bakin rijiyar su Bilki kika ɗiga a kowace tasa, kamar yadda ake sa ɗan tsohon nono a sabuwar madara don ta kama. Cikin kwana goma sha biyu duwatsun suka yi kore shar. Kika ɗauki biyu kika sa a akwatin da magariba. Da gari ya waye sun koma fari tas, kamar an wanke su, cikin Nagge kuwa ya ɗan taso.

Tsarin kiwo kika kafa mana, irin wanda kika tashi a cikinsa. Tasa ɗaya ana ci, ɗaya na tsiro, ɗaya na hutawa. Dutsen da aka cinye ya koma tasar ƙarshe ya jira damunarsa. Kika gaya wa Nagge cewa gilashin gaba na mai ɗaki ne, ta goge abinta baƙi su gani, amma na baya da na gefen taga hurumi ne, ba a taɓawa. Ruwa kuma sulusinsa kawai za a riƙa ɗiba duk mako, a mayar da wanda ya kwana a randa, ba ɗanyen ruwan famfo mai warin magani ba. Sabulu ko ƙanshinsa kada ya kusanci akwatin. Ranar da duwatsu ba su isa ci ba, sai ki yanka ɗan gurji ko kabewa, ko ki tsinko ganyen alayyafo, ki tsoma a tafasasshen ruwa ki tsame, ki ɗaure da zare a jikin dutse don ya nutse. Da magariba kike sawa, domin kin lura sai haske ya ragu take fita kiwo, da safe kuma ki cire ragowar kafin ta ɓata ruwa. Kika kifa mata tsingaron tsohuwar tukunya a lungu, kika ce babu saniyar da ke wuni ba inuwa.

Kowace safiya bayan kin idar da lazimi sai ki zo ki duba abu biyu, kwiɓi da kashi. In kika ga dogon zare kore kwance a kan tsakuwa, sai ki ce, "Madalla, an kwana lafiya." In ba ki gani ba, ranar ko furarki ba kya sha da daɗi.

Akwai wata rana a bazarar bara da aka ɗauke wuta tun safe, ɗan injin da ke hura iska a ruwan ya tsaya. Wajen azahar jajayen kifayen suka taso sama suna buɗe baki, Nagge kanta ta baro tsingaronta ta manne can bakin ruwa. Na rasa abin yi, ina ta zagaye falo. Kika shigo da ludayinki na fura, kika zauna, kika fara ɗibar ruwan akwatin kina ɗagawa sama kina sheƙowa, kamar mai fifita kunu. Ba ki tashi ba sai don salla, in kin tashi kuma ki ajiye ludayin a gefena ba tare da kin dube ni ba, in karɓa. Haka muka yi har la'asar sakaliya aka kawo wuta. Ko ɗaya bai mutu ba. Maigidana ya dawo ya same mu jiƙe sharkaf, kina yi wa kifi kirari da Fulatanci a hankali. Ya koma tsakar gida ya daɗe yana alwala. Daga baya ya gaya mini cewa tun shekarar da annoba ta shiga garkenku yana yaro, ta bar ku da igiyoyi, bai ƙara jin wannan kirarin a bakinki ba.

Ba kya karatun boko, amma kin lura da littattafan da nake ɓoyewa a ƙarƙashin matashin kujera in na ji motsinki. Wata rana kika ce, "Nagge, ke ba a karanta miki ne? Ko ke ba mutum ba ce?" Daga nan na fara karatu a bayyane, ina fuskantar akwatin, kina bayana kina kaɗa carbi. In na zo inda saurayi ya fara zuba kalamai sai in tsallake shafi, ke kuma ki ce, "Nagge, an yi tsalle." Ba ki taɓa yarda da samarin littattafan nan ba. "Wannan yaron ba shi da sana'a ne? Tun jiya yake jingine da mota." Yarinyar da ta ƙi cin abinci saboda so kuwa, cewa kika yi a ba ta tallan nono daga Buji zuwa kasuwa a ƙasa, za ta warke. Amma ranar da mai haya ya ce littafi na uku bai iso daga Kano ba, sau biyu kika tambayi Nagge ko an ji labarinsa. Ya iso bayan tafiyarki da kwana huɗu. Yana nan, ban buɗe ba.

Da zazzaɓi ya kwantar da ni, na fito na tarar da ƙwaryar fura a rufe da faifai a gaban akwatin, na ji ki daga ɗaki kina cewa, "Nagge, wannan ta fi ƙarfinki, nemi mai sha." Na sha, na ji daɗi, amma na koma na kwanta da tunanina. A littattafai ana faɗar ƙauna da baki, kuma ni da baki na saba. Sai in ce wa kaina, tsohuwar nan makiyayiya ce, ba ta iya ganin abu mai rai yana wahala ta wuce. Don Nagge take yi, ni kuwa ina cin albarkacin kifi.

Da ciwo ya kama ki a watan Janairu kika ce a mayar da ke Buji. Lado ya zo da mota. Kika tsaya a gaban akwatin kina dafe da bango, kika ce, "Zan je in dawo. Kada ki yarda a bar ki da yunwa." Ina bayanki riƙe da ƙunshin kayanki. Magana ta zo mini har baki, na haɗiye ta. Sau ɗaya aka kai ni dubiya, na tarar da ɗaki cike da mata, na durƙusa daga bakin ƙofa. Kika dubi rufin ɗaki kika ce, "Ko an juya duwatsu?" Na dubi ƙasa na ce, "An juya." Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Na sha karanta yadda ake rabuwa, kai a kan cinya, ana neman gafara da hawaye. Tamu rabuwar ba ta yi kama da ko ɗaya ba.

Kwana bakwai muka yi a Buji. Na bar wa Bilki makulli, ta yi iya ƙoƙarinta, sai dai tausayi ya sa ta yawaita wa jajayen abinci, ruwan ya gurɓace, Haisam ya mutu. Nagge ta ɗan rame amma tana nan. Bayan mako guda maigidana ya ce Yaya Hassana za ta zo ta tattara kayanki, domin sai an haɗa komai wuri ɗaya kafin malam ya raba gado. Ya ƙara da cewa, "Har da tasoshin." Ban yi musu ba. Na san matar ɗa ba ta da ko allura a kayan uwar mijinta, kuma na san ana sayar da roba a kasuwa, duwatsu za su yi kore a cikinta. Amma tasoshin nan su kaɗai ne abin da hannunki da nawa suka taɓa tare. In na wanke su na miƙa, babu sauran abin da zai nuna mun taɓa zama wani abu ni da ke. Na ninke zannuwanki, na naɗe tabarmarki, na ɗaure ƙwaryarki da ludayi. Sau uku ina ɗaukar soso in nufi bayan kicin, in dawo.

Yaya Hassana ta iso da hantsi ranar Asabar. Bayan mun gaisa mun sake koke-koke, na ce, "Yaya, ki ɗan huta, bari in wanke tasoshin."

Ta ce, "Matar Yaya, ajiye soson nan. Ina kifin?"

Na nuna mata. Ta gyara mayafi, ta yi tsaki, ta ce, "Wallahi da ba wasiyya ba ce ba zan yi abin nan ba. Ni da 'ya'ya shida, in tsuguna ina zance da kifi. Ta ce ba ke zan gaya wa ba. Je ki tsaya bakin kicin inda kika saba."

Na je na tsaya. Ta tsuguna a gaban gilashin, ta yi gyaran murya.

"Nagge, Iya ta ce in gaishe ki. Ta ce tasoshi uku ba sa cikin gado, ta bayar da su ga mai kiwonki tun da ranta da hankalinta, a gaban Lado da limamin unguwarmu. Ta ce duk ɗan da ta haifa sai da ta kama hannunsa ta kai shi garke ta nuna masa 'yar maraƙa ta ce tasa ce. Autarta kaɗai ce ta zo bayan garke ya ƙare, ba ta da abin nuna mata sai ke." Ta gyara tsugunno, ta ci gaba. "Ta ce ki gaya wa autar ta yafe mata shirun da ta yi mata. Haka aka rene ta, ba ta san wata hanya ba."

Ta share ido da gefen mayafi, ta juyo tana dariya tana kuka. "Kin ga wayon Fillo ko? Kifinki ne fa ta ba ki."

Bayan ta tafi na zo na durƙusa a gaban akwatin don in ba da amsa yadda muka saba. Na gaya wa Nagge duk abin da na haɗiye shekara biyu. Na gama na saurara, ina jiran ƙarar carbi a bayana. Sai a lokacin na gane cewa Nagge ba ta taɓa kai saƙo ba, ke ce kike zaune kina ji. Shi ya sa na ɗauko biro, in faɗa a gaban jama'a abin da ban faɗa a gabanki ba, ko masu karatu sa taya ni da addu'a, ita ce kaɗai saƙon da ke isa inda kike.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Kubura. Ta tausaya wa abin da ba ya iya kuka ya faɗi yunwarsa, Ka tausaya mata ranar da baki ba ya magana. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa mata tambaya. Duk mai rai da ta ciyar, a tudu da ruwa, Ka sa shi a ma'auninta. Ka shayar da ita daga tafkin AnnabinKa, tsira da amincinKa su tabbata a gare shi, Ka sa Aljanna ce makomarta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidana Malam Idirisu, da Yaya Hassana, da Lado, da jikokinta, da dukkan zuri'ar Barau na Buji da na Dutse. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Iya, na yafe, ko da yake na duba ban ga abin yafewa ba. Ni ce na zauna ina jiran kalma, alhali kina ta miƙo mini ita a ƙwarya. Ke ma ki yafe mini.

Autarki,
Radiyya
Yalwawa, Dutse